Daga Dawanau zuwa Sintok: yadda na yi karatun kasuwancin ƙasa da ƙasa a Malesiya

Tun da na dawo gida, da wuya mako ya wuce ba a samu wani ƙane ko ɗan unguwa da zai tare ni bayan sallar Magariba ya tambaye ni yadda ake tafiya karatu Malesiya ba. Amsar ba ta tsayuwar ƙofar masallaci ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki, yadda abin ya faru da ni. Na yi asarar wata shida da kuɗin da bai kamata su fita ba, saboda ban san wace takarda ce ke jiran wace ba, kuma ba na so wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa.

A hannun kawuna na tashi, kuma sana'arsa riɗi da zoɓo ce a kasuwar Dawanau. Na gama digirin farko a fannin gudanar da kasuwanci a 2019, na yi bautar ƙasa, na dawo sito ina riƙe masa littafin shige da fice. Kullum ina ganin ana ɗora buhuna a tirela ana nufar Legas, ban san abin da ke faruwa da su bayan nan ba. Wata rana wani mai saye ya karya mana farashi, ya ce wai waɗanda yake kai wa a waje sun yi ƙorafin tsakuwa da danshi. Da ya tafi na ce, "Kawu, su wa yake kai wa, kuma nawa suke ba shi?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, namu ya ƙare a bakin sito. Abin da ya wuce nan nasu ne." Maganar ta tsaya mini a rai. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta kasuwanci, amma ba zan iya bayyana yadda buhun riɗi ke barin Kano ya isa Japan ko Turkiyya ba, balle in san inda ribar take maƙalewa a hanya.

Matakin farko shi ne zaɓen abin da zan karanta, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure tun kafin su cike fom. Sunayen suna kama da juna amma cikinsu daban. Akwai MBA, wanda aka gina shi don wanda ya riga ya yi aiki yana son ya iya shugabancin kamfani, kuma galibi ya fi tsada. Akwai digiri na biyu a tallata haja, wanda ya fi zurfafa kan halin mai saye da farashi da yadda ake kai kaya gare shi. Sai kuma kasuwancin ƙasa da ƙasa, wanda ya ɗebo daga kowanne ya ɗora a kan tambaya ɗaya: me ke canzawa idan mai saye da mai sayarwa ba ƙasa ɗaya suke ba, ba kuɗi ɗaya suke kashewa ba, ba doka ɗaya ke kansu ba? Bayan haka akwai tsarin karatun shi kansa: na zaman aji, na bincike zalla, da wanda ya haɗa biyun. Ni na zaman aji mai ƙaramin bincike a ƙarshe na ɗauka, domin abin da nake nema ilimin aiki ne. Wanda yake da niyyar koyarwa a jami'a ko ci gaba zuwa digiri na uku, gara ya duba mai bincike sosai. Na zaɓi Malesiya saboda kuɗin makaranta da na rayuwa sun fi na Ingila sauƙi nesa ba kusa ba, ga abincin halal da masallatai ko'ina. A cikin jami'o'inta na tsaya kan Universiti Utara Malaysia da ke Sintok a jihar Kedah, kusa da iyakar Tailan, wadda aka kafa a 1984 musamman don fannin gudanarwa, kuma 'yan Arewa da yawa sun yi karatu a can.

Kafin in fara komai wani ya haɗa ni da ejan. Mutumin yana da daɗin baki, ya ce in kawo kuɗi masu kauri shi zai yi komai, daga adimishan har biza. Na ba shi kafin alƙalami, kuma wannan kuɗin har yau ban sake ganinsu ba. Abin da ya cece ni daga ba shi sauran shi ne wani yayan abokina da ya yi digiri na uku a can. Ya zaunar da ni ya buɗe shafin jami'ar a kwamfutarsa ya ce, "Duba nan, ƙanena. Duk abin da zai yi maka, kai ma za ka iya yi daga wayarka. Kuɗin fom kawai za ka biya, kuma kai tsaye ga makaranta." Haka kuwa abin yake.

Sai taranskirif, wato takardar da ke ɗauke da sakamakon kowane darasi tun daga aji ɗaya. Na nema a watan Maris na 2022, ina ganin abin mako biyu ne. Na biya ta Remita, na kai rasit, sai yajin aiki ya rufe jami'o'i. Malamai sun fara nasu tun 14 ga Fabrairu, ba su dawo ba sai Oktoba, ma'aikatan ofis ma suka shiga nasu har zuwa Agusta. Duk wanda zai sa hannu ba ya nan. Na yi ta zarya, in je in tarar da ƙofa a kulle, in zauna a gindin bishiya da wasu irina muna jajanta wa juna. Ko da ma'aikatan ofis suka dawo, sai aka ce sakamakona na wani zango a aji biyu ba ya cikin fayil, sai na koma sashenmu an nemo shi a tsofaffin takardu. A ƙarshen Satumba ta fito, lokacin kuwa zangon da na so shiga ya riga ya kuɓuce mini. Ranar da na gane haka ban iya cin abincin dare ba. Da na nemi takardar nan tun ina bautar ƙasa, da duk wannan bai same ni ba. Da za ka karɓa, ka nemi a haɗa maka da takardar da ke bayyana ma'aunin maki, domin mu a nan kan 5.0 ake auna mu, su kuma kan 4.0 suke aunawa, kuma sai sun ga bayanin kafin su san matsayinka.

Cikin wannan jira na gyara abu biyu. Na farko fasfo. Nawa saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni, ina ganin ya isa, ashe ana so ya kasance da sauran aƙalla wata 18 a lokacin da za a nema maka izinin karatu. Na sabunta shi. Na biyu jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda na je Abuja na rubuta. Kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana, kuma sakamakonta shekara biyu yake aiki. Na samu 6.5. Kashin sauraro ne ya fi ba ni wuya, don sau ɗaya ake kunna maganar, idan ta wuce ta wuce. Daga baya na haɗu da wanda wata jami'ar ta karɓi wasiƙar shaidar cewa da Turanci aka koyar da shi, bai rubuta jarrabawar ba sam. Don haka ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambaya tukuna, ka kuma ajiye amsar da suka ba ka a rubuce.

A Oktoba na tura takarduna ta intanet: shaidar digiri, taranskirif, sakamakon IELTS, hoton fasfo. Cikin Nuwamba wasiƙar adimishan ta iso. Na yi murna har na buga ta na kai wa Kawu sito, amma wasiƙar nan ba ta kai ka ko filin jirgi. Abin da ke biye shi ne EMGS, hukumar da ke tace takardun ɗaliban waje kafin su je hannun jami'an shige da ficen Malesiya. A nan ake biyan kuɗin dubawa da na inshorar lafiya da sauransu. Suna so a ɗauki hoton kowane shafi na fasfo, har waɗanda ba a rubuta komai a kansu ba, da kuma hoto mai farin bango. Nawa hoton aka dawo da shi, saboda mai hoton ya goge bangon da kwamfuta har ya ci gefen kunnena. Wannan kaɗai ya ci mini kwana goma. Bayan haka sai ka koma kallon wani ma'auni a shafinsu da ke nuna inda takardarka ta kai cikin ɗari. Nawa ya daɗe a kan 35, wato takardu suna hannun jami'an shige da fice. Da asuba in duba, bayan La'asar in duba, kafin in kwanta in duba. Wata safiya a Janairun 2023 na ga ya koma 70, na sauke takardar amincewa da biza, wadda suke kira eVAL. Wata shida take aiki, don haka daga ranar da ta fito lokaci ya fara tafiya.

Kuɗin makaranta kuwa ta Fom A na bi, wato hanyar da Babban Banki ya tanada don a sayar wa ɗalibi dala a farashin gwamnati. A lokacin ana cike shi ta intanet, a biya naira 5,000, a ɗora wasiƙar adimishan da takardar kuɗin da makaranta ta aiko da shaidar digirin farko da fasfo, sannan a zaɓi banki. Dalilin da kowa ke rububinsa a fili yake: a ƙarshen 2022 dala tana wajen naira 450 a banki, a kasuwar 'yan canji ta Wapa kuwa ta haura 700. Na cike a Disamba, na zuba kuɗin a asusu, na zauna jira. Duk mako sai na je bankin, jami'in ya ce mini, "Alhaji, kana kan layi, a ƙara haƙuri." Kuɗin ba su tafi ba sai da na riga na isa can. Abin da ya taimake ni shi ne na rubuta wa ofishin kuɗi na jami'a tun da wuri, na tura musu shaidar cewa na cike fom ɗin. Kada ka yi shiru ka bar makaranta tana zaton ka ƙi biya ne.

Katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kad, wajibi ne ga duk wanda ya fito daga Najeriya. Na biya naira 2,000 ta intanet, na je ofishin lafiya na filin jirgi aka yi mini allura. Sai ta kwana goma kafin a ɗauke ta a matsayin mai aiki, saboda haka ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne. Daga nan na ɗauki eVAL da fasfo da wasiƙar adimishan da katin na nufi ofishin jakadancin Malesiya a Abuja neman bizar shiga sau ɗaya. Wannan ya faɗo a Fabrairun 2023, tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi da aka yi bayan sauya fasalin naira, ga zaɓe ya matso. Da kuɗi a asusuna amma na rasa na mota a hannu, sai da wani mai shayi ya yarda na tura masa ya ba ni tsofaffin takardu. Allah ya saka masa da alheri. Kwana biyar na yi a ɗakin wani abokina a Kubwa kafin fasfo ya fito da biza a ciki.

A farkon Maris na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka yada zango a Adis Ababa, sannan Kuala Lumpur. Duk takarduna na asali suna cikin jakar hannu, kuma haka ya kamata, don a wurin jami'an shige da fice ana tambayar eVAL da katin rigakafi tun kafin ka ga akwatinka. Suka buga mini hatimin zama na wucin gadi. Na sake hawa wani jirgin zuwa Alor Setar, daga nan mota ta bi da mu ta cikin gonakin shinkafa har Sintok. Cikin kwana bakwai da isowa dole a yi gwajin lafiya: jini, fitsari, da hoton ƙirji. Wanda ya faɗi gwajin nan ana iya mayar da shi gida bayan duk abin da ya kashe, shi ya sa nake ba kowa shawara ya je asibiti a gida ya duba ciwon hanta da tarin fuka tun kafin ya biya ko sisi. Bayan sakamako ya fito na miƙa fasfo don a manna izinin zama na ɗalibi. Makonnin da na yi ba fasfo a hannuna ban sake ba, ko kasuwar Changlun zan je sai na ɗauki kwafinsa da wasiƙar makaranta. Ana cikin haka azumi ya kama. Buɗa-bakin farko da na yi a masallacin makaranta, tsakanin Malayawa da 'yan Indunusiya da Yamalawa da Somaliyawa, shi ne ranar da hankalina ya fara kwanciya.

Yanzu ga karatun kansa, wanda shi ne dalilin duk wannan wahala. A mako na uku malamin harkar fito da shigo da kaya ya kawo maganar Incoterms, wato ƙa'idoji 11 da Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya ta tsara, waɗanda aka sabunta a 2020. Kowace ƙa'ida tana faɗin inda nauyin mai sayarwa ya ƙare, inda na mai saye ya fara. Ya rubuta EXW a allo ya ce wannan shi ne ka sayar a ƙofar sitonka, komai daga nan na mai saye ne. Ya rubuta FOB, ka kai kaya har cikin jirgin ruwa a tasharku. Ya rubuta CIF, ka biya kuɗin jirgi da inshora har tashar mai saye, amma duk da haka haɗarin kayan yana komawa kansa tun daga lokacin da aka ɗora su a jirgi. Ina zaune sai na ji muryar Kawu: namu ya ƙare a bakin sito. Ashe abin da ya shekara talatin yana yi suna gare shi, kuma shi ne mataki na ƙasa a tsani. Duk wanda ya hau mataki ɗaya ya ƙara ɗaukar nauyi, ya kuma ƙara samun rabo. Daren nan ban yi barci da wuri ba, na zauna ina lissafin abin da ke tsakanin Dawanau da tashar jiragen ruwa ta Apapa: kuɗin tirela, tankaɗe da tsaftacewa, feshin maganin ƙwari, takardar shaidar lafiyar tsirrai, fom ɗin NXP na fitar da kaya waje, kuɗin kwantena. Haka kuma aka koya mana takardar lamunin banki, inda bankin mai saye ke alƙawarin biya idan takardun kaya sun dace da abin da aka rubuta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne banki ba ya duba riɗi, takarda yake dubawa, kuma harafi ɗaya da ya saɓa yana iya tsayar da kuɗinka.

A darasin tallata haja na shiga ina ganin na san komai, tunda mun haddace rukunan nan huɗu tun a digirin farko: haja, farashi, wuri, da talla. Bambancin shi ne a nan ba a tambayar ka ka lissafo su. Za a ba ku labarin wani kamfani mai shafi ashirin, a ce ku yanke shawara ku kare ta a gaban aji. Da aka zo maganar ingancin kaya na kawo misalin wakenmu, wanda Tarayyar Turai ta hana shigar da shi tun 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Na kuma ba su labarin zoɓon Jigawa da ke tafiya har Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Malamar ta ce in tsaya a nan: wa ya san abin da mai shan zoɓo a Meziko yake so, manomin Maigatari ko ɗan tsakiya? Wanda ya san mai saye, in ji ta, shi ke yanka farashi. Su kuma 'yan Malesiya suka nuna mana yadda tambarin halal na hukumar JAKIM ya zama abin da ke buɗe wa kayansu ƙofa a ƙasashen Musulmi. Na ji kishi a raina, don mu ma Musulmi ne masu dabbobi da hatsi, amma ba mu mayar da wannan amana ta zama takardar da duniya ta sani ba. Haka na ji game da manja. Asalin kwakwar manja daga Afirka ta Yamma take, a 1917 aka fara nomanta don kasuwa a Malesiya, yau kuma Indunusiya ce kaɗai ke gabansu.

Fannin gudanarwa kuwa rabinsa a aikin rukuni na koye shi. An haɗa ni da Bamalaya biyu da wata 'yar Sin da wani Bayamale. Mu mun saba idan ba mu yarda ba mu faɗa da ƙarfi, su kuma Malayawa ba sa son cewa a'a a fuskarka. Na yi mako biyu ina zaton sun amince da tsarina, ashe shirun nasu rashin amincewa ne. Muna karanta ma'aunan Hofstede na bambancin al'adu a littafi, ga shi kuma yana faruwa a teburinmu. Daga nan na koyi in tambayi kowa shi kaɗai, cikin taushin murya. Wani abin da ya kusa kayar da ni shi ne kwafe. Aikina na farko da aka sa a manhajar Turnitin ya nuna kamanceceniya mai yawa da rubutun wasu, saboda na saba ɗebo jimla daga littafi ba tare da na faɗi mai ita ba. Malamin ya kira ni ofis, bai tozarta ni ba, ya ba ni mako guda in sake. A digiri na biyu ana so makinka ya tsaya a 3.0 ko sama cikin 4.0, don haka babu darasin da za ka yi wa riƙon sakainar kashi.

Jarrabawa mafi zafi ba a aji ta zo ba. A tsakiyar Yunin 2023 Babban Banki ya haɗe farashin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta koma sama da 700 a hukumance. Kuɗin zango na biyu da muka ware sai suka zama ba za su kai ba. Kafin zango na uku, a farkon 2024, dala ta haura naira 1,500. Makaranta ba ta ƙara mini ko ringit ɗaya na kuɗin Malesiya ba, amma a naira kuɗin ya ninka sau uku. Na kira Kawu na ce, "Kawu, ko in dakatar da karatun nan in dawo, in an samu sarari in koma?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wanda ya shiga rijiya ba ya tsayawa a tsakiya. Riɗin ma ai ya tashi. Ka zauna ka gama." Gaskiya ya faɗa, kuma a cikin maganarsa akwai abin da muke karantawa a makon nan: wanda kayansa ke bin farashin dala, faɗuwar naira ba ta kayar da shi kamar wanda albashi kawai yake jira. Na san ɗalibai da suka koma gida a wannan lokacin ba su gama ba, kuma ba don rashin ƙoƙari ba ne. Kada kowa ya yaudare ka cewa za ka yi aiki ka biya kuɗin makaranta. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin da bai wuce awa 20 a mako ba, a lokacin hutu kawai, a wasu 'yan wurare ƙayyadaddu, kuma sai da izini.

Izinin zama na shekara ɗaya ne, ana fara neman sabuntawa tun da sauran wata biyu zuwa uku. Ana duba sakamako da halartar aji, wadda ba a so ta gaza kashi 80 cikin 100. Wannan ya zo mini da sauƙi.

Binciken ƙarshe na yi shi ne kan abin da ke hana ƙananan dillalan riɗi na Kano fitar da kaya da kansu. Na tsara takardar tambayoyi na tura gida a raba, aka dawo mini da 'yan kaɗan, rabinsu ba a cike ba. Ɗan kasuwar Dawanau ba zai rubuta sirrin cinikinsa a takardar da bai san inda za ta je ba, kuma yana da gaskiya. Sai na fassara tambayoyin zuwa Hausa, Kawu ya riƙa gabatar da ni ga abokansa ɗaya bayan ɗaya, ina kiran su ta WhatsApp. Malesiya tana gaban Najeriya da awa bakwai, don haka lokacin da suka natsu bayan Isha'i ni ƙarfe uku na dare ne a wurina. Abin da na ji daga bakinsu ya fi abin da na zata: ba jari ne kaɗai matsalar ba, akwai tsoron takardu, da tsoron a tura kaya a ƙi biya, da rashin wanda za a amince wa a ɗaya ɓangaren. Na kare aikin a gaban malamai, aka ba ni gyara, na gama a ƙarshen 2024.

Ga wanda zai bi wannan hanya, abin da zan ce shi ne ya fara da taranskirif da fasfo, don su ne ba sa hannunsa, kuma kowace takarda da ke gaba su take jira. Ya nemi adimishan da kansa. Ya yi gwajin lafiya a gida. Ya yi lissafin kuɗin karatun gaba ɗaya da dala, a farashin kasuwa, ya ƙara wani abu a kai, idan kuma da hali ya sayi kuɗin zango biyu ya ajiye tun kafin ya tashi. Kafin ya zaɓi kwas ya buɗe jerin darussan ya karanta, kada suna ya ruɗe shi. Sannan ya tafi da wata sana'a ta gida a ransa, ko fata ce, ko atamfar Kantin Kwari, ko shanun da ke shigowa daga Nijar ta Maigatari, ya riƙa auna duk abin da aka koya masa a kanta. Na ga bambanci ƙarara tsakanin ɗaliban da suka zo da tambaya da waɗanda suka zo karɓar takarda kawai. Kuma ba sai an ƙetare teku ba: wanda kuɗinsa ba su kai ba, akwai makarantun kasuwanci a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, kuma ƙa'idojin nan 11 na Incoterms iri ɗaya ne a Zariya da Sintok.

Mu dai yanzu mun yi wa kamfanin Kawu rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, mun buɗe asusun da kuɗin waje za su shigo. Mun aika samfurin riɗi kilo biyu ga wani mai saye a Mersin ta Turkiyya, ya dawo mana da cewa mu rage ƙasa da tsakuwa. Ba mu tura kwantena ko ɗaya ba tukuna. Makon jiya muka je duba injin tankaɗe ni da Kawu, ya ɗebi riɗin da ya fito ya murza a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in tambayi mutumin nawa zai biya idan mu muka kai masa har cikin jirgi.